Munduwar Yayata

Na fara koyon zane a jikin ƙarfe ina da shekara sittin da ɗaya, lokacin da idona ya riga ya saba da tabarau. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Larurar yayata ce.

Ta girme ni da shekara tara. Ita da ita aka taho daga gida tana yarinya, ta hanyar Sudan, ni kuwa a nan Makka aka haife ni, a Jarwal, cikin wani gida da ke manne da jikin dutse. Mahaifinmu malami ne. A zauren gidan nan ya koya mini allo da ajami, ita kuma ta goya ni har ƙafata ta yi ƙwari. Yau babu gidan. An kwashe layin gaba ɗaya an kafa otal-otal, ko ni da aka haifa a ciki ba zan iya nuna inda ƙofarmu take ba. Mun daɗe da komawa Ka'akiyya, inda haya ta fi sauƙi. Da mijinta ya rasu, ga shi ba ta da ɗa a raye, sai ta dawo wurina, ni da matata muka ba ta ɗaki.

A hankali abin ya soma. Ta sa gishiri sau biyu a miya, ta yi sallar La'asar ta sake tashi ta maimaita. Daga baya wata rana ta dube ni ta gaishe ni da Baba, har da russunawa. Duk wannan mun iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinmu fita ce. Sai ta yafa mayafinta ta ce Inna na jiran ta a Jarwal, ta bar tukunya a wuta. Inna, mahaifiyarmu, ta fi shekara talatin a ƙasa. Karo na farko maƙwabciya ta dawo da ita daga bakin layi. Na biyu a wurin tsayawar motoci na same ta. Na uku ta wuni ba mu san inda take ba, sai dab da Magariba wani direba da ya san fuskarta ya kawo ta, ƙafafunta duk sun yi bororo.

Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta mutu tun bayan mijinta, ba a sabunta ba. Ke nan in ta ɓace, babu wata takarda da za ta faɗi ko wace ce. Na rubuta sunanta da lambar wayata na sa mata a aljihu. Da ta gan ta, sai ta ɗora ta a saman kabad, domin tun tana yarinya ba ta barin takarda mai baƙaƙen Larabci a ƙasa ko a aljihu. Na sayo irin abin hannun roba da ake ɗaura wa alhazai. Ta sa almakashi ta datse shi, ta ce ita ba baƙuwa ba ce a garin nan. Muka gwada kulle ƙofa. Ta zauna a gindinta tana kuka irin na ƙaramin yaro, tana kiran Inna, har matata ta ce ita ba za ta iya ji ba. Muka koma kullewa in dole ta yi kawai.

Abu ɗaya ne bai taɓa barin jikinta ba, munduwar azurfa ta Inna, mai faɗi kamar yatsa biyu, wadda ta sa ranar da aka yi wa Inna wanka. Matata ce ta fara faɗa.

"Malam, ka rubuta a jikin wannan mana. Ita dai ba ta cire ta ko wurin barci."

Na ɗauki Yaya muka je shagon da suke zane da na'ura. Mai shagon ya miƙo hannu, ta ɓoye nata a bayanta. Ta ce munduwar Inna ba ta shiga hannun bare, in ma za a taɓa ta sai ɗan gida, kuma a gabanta. Na lallashe ta har na gaji, muka dawo.

Aka kwatanta mini wani tsohon maƙerin fari a Rusaifa, mutumin wajen Agadas, wanda yake gyaran butocin gahawa da farantan tagulla. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, a bayan masu sayar da kayan mota. Na yi masa bayani, ya ce abu mai sauƙi, zai zo gida ya yi da kansa. Ya zo kuwa, da kayansa a cikin gwangwanin alewa. Yaya na ganin sa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tambaye ni wane ƙato ne na shigo mata da shi, kuma Baba ya sani? Tsohon ya sha shayinsa. Sai da muka sauko bakin titi ya kama hannuna na dama ya jujjuya shi kamar mai tayin akuya.

"Wanga hannu bai taɓa ɗaukar abin da ya ɗara alƙalami nauyi ba," in ji shi. "To, Malam, gobe ka taho makaranta. Ka zo da tabaranka."

Na ce masa ai rubutu ne, kuma na fi shekara hamsin ina yin sa. Ya yi dariya har da tari.

Abin zanen wani ɗan guntun ƙarfe ne mai tauri, tsawon ɗan yatsa, da ƙota kamar ƙwallon goriba da take zama a tsakiyar tafin hannu. Shi ma alƙalami yake ce masa. Mako biyu na yi ban taɓa tagulla ba, wasa bakinsa kawai nake yi a kan dutse da ɗigon mai. In na gama sai ya ɗora tsinin a kan farcensa. In ya kama farcen, ya yi. In ya zame, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Na ce masa ni sauri nake yi, yayata tana iya fita ko yau. Ya ce ya sani, amma alƙalamin da bai da kaifi shi ne yake tsallake layi ya tsaga aiki, kuma munduwa ɗaya muke da ita.

Sannan ya ba ni yankin jan ƙarfe, ya manna shi da danƙo a kan guntun icce, ya ce in ja layi miƙaƙƙe. Nan na gane abin da ya ba shi dariya. Alƙalamin kara janyo shi ake yi, da yatsu. Wannan turawa ake yi, da tafin hannu, yatsu jagora kawai suke yi masa. In an zo wurin lanƙwasa kuma, hannun dama ba ya juyawa, hagu ne yake juya iccen ya kawo ƙarfen bakin alƙalami. Duk abin da hannuna ya saba sai da na kwance shi. In na nutsa da yawa ya cije ya tsaya. In na sassauta ya kuɓuce. Rana ta uku ya kuɓuce ya shige gindin babban yatsana na hagu, tabon yana nan. Tsohon ya tura mini tsumma da ƙafa, ya ce yanzu na biya kuɗin shiga.

Amma akwai ranar da layin ya fita daidai. Na ji alƙalamin yana tafiya ba gardama, wani siririn zaren ƙarfe yana tashi a gabansa yana naɗewa, bayansa kuma layi yana ƙyalli. Na daɗe ina kallon wannan zare a tafin hannuna. Tun ina yaro na san rubutu abu ne da ake ɗorawa a kan allo, in an yi kuskure a wanke. Nan kuwa cirewa ake yi, abin da ya fita kuma ba ya komawa. Na faɗa wa tsohon haka. Ya ce malamai dai ba sa rasa abin faɗa, in ci gaba da aiki.

Daga layi muka koma baƙaƙe. Alif bai ba ni wahala ba. Wawu da ha, masu zagaye, su suka sha ni, sai su fito da kusurwa kamar an tauna. Lambobi ma haka, musamman biyar, wadda a rubutun nan take da'ira ce, kuma tana cikin lambar wayata sau uku. Na cika gindin wani tsohon faranti da ita. Na sayi cokula na zane su duka, har matata ta ce in dai na taɓa tukwanenta za ta kai ƙarata wurin liman. Da na iya a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ya naɗe mini yankin tagulla a jikin zagayayyen icce, domin in saba da gantsarwar munduwa. Wata huɗu muka yi a haka, kullum daga hantsi zuwa Azahar. A cikinsu Yaya ta fita sau ɗaya, Allah ya sa mai kantin layinmu ya tare ta.

Ranar da ya ce na isa, ya ba ni alƙalami biyu da ya wasa da hannunsa, da iccen, da danƙo. Ya tambaye ni abin da zan rubuta. Na ce sunanta, da lambata, da sunan unguwa. Ya ce madalla, in taƙaita. Ban nuna masa zanen da na tsara ba. Ban ga dalili ba. A ganina aikin ƙarfe nasa ne, tsarin rubutu kuwa nawa ne.

Na jira safiyar da hankalinta yake wurin. Ta tashi ta gane ni, ta kira ni Auta kamar yadda ta saba tun da. Na yi mata bayani, ta ce to, tunda ni ne. Ta rame, munduwar ta zare ba wuya. Fatar wurin fara ce, ta bambanta da sauran hannun. Ta zauna kusa da ni ta dafa ƙarshen iccen da yatsunta, ba ta ɗauke ba har na tashi. Tana ta ba ni labarin wani mai gyaran tukwane da yake layinmu a Jarwal, wai ƙarar gudumarsa ce take tashe ta da safe, ta tambaye ni ko har yanzu yana nan. Na ce mata ya tashi.

Na fara da tawada, sannan na bi da ƙarfe. A farkon layin na sa Bisimillahi cikakkiya. Ban taɓa ɗora alƙalami a kan allo ko takarda ban fara da ita ba, ko wasiƙa ce, ko jerin cefane, haka mahaifinmu ya hore mu da bulala. Na kuma yi tunanin duk wanda ya tsince ta ya ga sunan Allah a hannunta zai tausaya mata. Safiya uku aikin ya ci. Alƙalami bai kuɓuce mini ba ko sau ɗaya. Ban taɓa yin rubutu mai kyan wannan ba, kuma na sani a lokacin, har na ji wani abu mai kama da alfahari, Allah ya yafe mini.

Da na gama na goge ta da toka da tsumma na miƙa mata. Ta kai ta kusa da idonta, ta bi baƙaƙen da ɗan yatsa kamar mai biya allo, ta karanta Bisimillar a bayyane har ƙarshe. Ta sumbace ta, ta kai goshi, ta mayar hannu. Ta sa mini albarka mai tsawo. Na yi sallar Azahar ranar nan da zuciya sakayau.

Bayan La'asar matata ta kira ni, ta nuna mini 'yar kantar da ke jikin bango kusa da ƙofar banɗaki, inda muke ajiye sabulu. Munduwar tana kai. Yaya tana ɗakinta tana jan carbi, hannunta babu komai. Na kai mata na tambaye ta dalili. Ta dube ni kamar ni ne hankalina ya taɓu.

"Auta, da sunan Allah zan shiga bayi? Kai ne fa malamin."

Na dubi munduwar da ke hannuna. Gaskiya ta faɗa, kuma hukunci ne da na koya wa yara da bakina. Abin da ya fi shekara talatin bai bar hannunta ba, ni na mayar da shi abin cirewa sau shida, sau bakwai a yini. Cirewar ba ta taɓa mantawa ba. Mayarwar ce ba ta tunawa.

Washegari na koma Rusaifa da ita a aljihu, Yaya tana barcin hantsi. Tsohon ya karɓa, ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Ya ce aikin ya yi kyau, bai zaci zan kai haka ba. Sannan ya ce su maƙera ba sa sa sunan Allah a abin da yake kwana a jikin mutum, ko zobe ko munduwa, tun kakanni, kuma da na nuna masa da ya faɗa mini. Bai ƙara ba, bai kuma yi mini ba'a ba ranar nan, abin da ya fi ba'ar ciwo. Ya jawo wani ɗan siririn magagari ya ajiye a gabana.

Kwana tara magagarin nan ya yi a ɗakina. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce babu laifi tunda niyyar kare rai ce da kuma girmama sunan. Na san haka ne tun kafin in tambaya. Hannun ne ya ƙi. In na ɗauka sai in ga kamar mahaifinmu yana zaune a gefen tabarma yana kallon abin da zan yi. Rana ta goma na yi alwala, na shimfiɗa farar takarda, na goge baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ina istigfari, Yaya tana dafe da iccen tana kallon taga. Garin azurfar na tattara shi, na zuba a ruwan zamzam, na tsiyaye a gindin wata bishiya da ke harabar masallaci. Wurin ya yi ɗan kwarmi, santsi, babu ko alamar ɗigo.

Da yamma na sake samun munduwar a kan kantar sabulu.

Na zaunar da Yaya, na kama ɗan yatsanta na bi da shi kan kwarmin. Na ce ta duba, babu komai, na cire, saura sunanta da lamba kawai. Ta shafa, ta sake shafawa, ta gyaɗa kai kamar ta yarda.

"Ka goge abin da kake gani," ta ce. "Ai an riga an rubuta."

A lokacin ba ta san shekarar da muke ciki ba. Rabin kwanaki ba ta san ni ba. Amma wannan ya zauna mata daram, ban san a wane lungu na zuciyarta ba. Muka koma gadi. Duk wanda ya ji ƙarar ƙofar banɗaki a cikinmu, sai ya tashi ya tsaya, in ta fito ya zura mata. Ba ta gardama, miƙo hannun take yi kamar amarya. Mun yi kusan wata biyu a haka, har muka fara ganin abin zai yiwu.

Wata safiyar Talata na sauka sayen burodi. Na bar ta tana barci, matata tana kicin, injin wanki yana ta ƙara. Ban murɗa makulli ba, domin shagon a ƙasan gidanmu yake. Na tarar da layi, na tsaya gaisawa da wani maƙwabci da ya dawo daga jinya. Da na hawo, ƙofa a buɗe take kaɗan. Takalmanta ba sa nan. Na wuce kai tsaye wurin kantar, tun kafin in leƙa ɗakinta. Munduwar tana kai, da ɗigon ruwa a jikinta bai bushe ba.

Ba zan iya jera duk inda muka je ba. Na fara da Jarwal, na bi masu gadin otal-otal ɗaya bayan ɗaya da hotonta. Na tambayi matanmu masu sayar da hatsin tattabaru, waɗanda babu mai wucewa ba su gan shi ba. Wata ta ce ta ga tsohuwa mai irin mayafin tana tambayar hanyar wani layi da ba ta taɓa jin sunansa ba, amma ba ta tabbatar da ranar ba. Na je wurin 'yan sanda, na zaga asibitoci. Ko'ina an karɓe ni da mutunci, an tambaye ni lambar iƙamarta, na ce babu, an duba abin da za a iya dubawa. Garin cike yake da tsofaffin mata baƙaƙe masu neman hanya, daga kowace ƙasa. Tsohon maƙerin ya rufe shagonsa kwana uku ya bi ni yawo da sandarsa. Wayata ba ta rabu da tafin hannuna ba, alhali na san babu wanda yake da dalilin kiran ta.

Shekara huɗu ke nan. Ba mu yi zaman makoki ba, domin ba mu san ko akwai na yi ba. Matata har yanzu tana share ɗakin.

A Harami, bayan kusan kowace salla, akan yi shelar salla ga mamata, ba a faɗin sunan kowa. Da can nakan tsaya in yi daga inda nake, in nemi lada in wuce. Yanzu kullum ina shiga mota in tafi Azahar, in zauna har La'asar, in nemi wuri kusa da hanyar da ake fitowa da su. Na mata ana gane su, an yi musu rumfa a kan makara. Yaya gajera ce. Nakan duba tsawon kowace, ko da yake rumfar ba ta nuna komai, masu ɗauka kuma sauri suke yi. In liman ya yi kabbara ta uku, inda ake yi wa mamaci addu'a, nakan yi wa duk waɗanda ke gaba, sannan in ambaci sunanta a hankali, in ce in tana cikinsu. Daga nan in nemi takalmana in kama hanyar Ka'akiyya kafin Magariba, don kada matata ta zauna ita kaɗai.